Kitson da Ya Hana Ni Shiga Motar Sakkwato

Bari in gyara muku zancen gaba ɗaya, don na gaji da ba da amsa ɗaya-ɗaya a bakin rijiya. Masu cewa tsoro ne ya hana ni komawa Sakkwato ba su san ni ba. Ni da na zauna a makarantar 'yan mata ta Turawa da ke can har na gama, wane lungun Sakkwato ne zai ba ni tsoro? Masu cewa wani ɗan tireda ne ya riƙe ni a Illela su nemi gafarar Allah. Aure na yi, na fito, kuma ba shi ne zancen yau ba. Masu cewa uwar ɗakina Inna Tumba ta yi mini asiri kuwa, da tana da maganin da ke zaunar da mutum wuri ɗaya, ai da tuni ta ba ni na sha, don ta fi kowa shan wahalar rawar ƙafata.

Kan wata mata ne ya hana ni shiga mota. Ranar kuwa ba ta fita raina har abada: Lahadin kasuwar Illela, ba da daɗewa ba bayan Ƙaramar Salla.

Ku da muka yi makaranta tare, yawancinku kai kawai kuke kawowa a yi muku kitso, ba ku san yadda rumfar take tafiya ba. To, aikin hawa-hawa ne. A ƙasa akwai mai tsefe, wadda ke warware tsohon kitso. Sama da ita mai wanki, ita ke wanke kai da sabulun salo, in ya sha iska ta shafe shi da man shanu. Sai mai tsaga, wadda aka yarda ta riƙe tsinke ta raba gashi layi-layi, ta kuma yi ƙananan kitso. Can sama sai uwar rumfa. Ita ke ɗaura doka, wato kitson nan mai tudu a tsakiyar kai da matan aure ke yi, ita ke sa shuni, ita ce kuma mai maganar ƙarshe. A rumfarmu Inna Tumba ke nan.

Ni na kai mai tsaga. Amma ranar kasuwa ba girma, kowa tsefe yake yi. Kuma duk duniya ba aikin da na ƙi jini kamar tsefe. Tsohon mai ya yi ɗoyi, ƙura ta shiga hanci, wani kan ma da baƙi a cikinsa suna yawo. Fizga nake in wuce. Kullum Inna sai ta ce, "Ke Balki, mi kika ma sauri? Kai na, ba tsintsiya ba. Mai tsefe ita ka karatu." Ni kuma in ce, "Inna, karatu na riga na yi shi, na gaske, mai alli da allo." Sai ta yi dariya ta ci gaba da tauna goronta.

Abin da ke damuna a lokacin shi ne na ga ƙarshen abin da zan samu a rumfar. Duk kitson da Inna ta iya na iya, ban da doka, ita ma saura kaɗan. Garin kuwa masu doka sun yi yawa. In na tsaya nan, zan tsufa ina jiran Inna ta gaji. Dole in ƙaro wani abu a hannuna. Hanya biyu ce a gabana.

Ta farko yayana ne ya nemo ta, Yaya Mamman, malamin haraji a wurin hakimi. Akwai wata mata 'yar Ikko a Sakkwato da ke koyar da gyaran matan zamani: miƙar da gashi da matajin ƙarfe da ake gasawa a gawayi, yankan farce, hoda, jan-baki. Wata uku ne, a ƙarshe ta ba ki takarda da sa hannunta. Da takardar nan, in ji Yaya, matan akawuna da matan malaman asibiti za su riƙa aiko miki har gida. Ya sha zirga-zirga kafin ta yarda ta ajiye mini gurbi, ta kuma ce in ban iso cikin makon nan ba za ta ba wata. Motar da ke zuwa ɗaukar fatu ranar kasuwa tana komawa Litinin da safe. Har ya yi magana da direba.

Ta biyu Inna ce ta ambata, sau ɗaya tak, ba ta ƙara ba. Wata tsohuwa ce, Gwaggo Tasalla, a wani ƙauye bayan Ƙwanni kan hanyar Tawa, tsallaken iyaka, cikin ƙasar da Faransa ke mulki. Ita ke yi wa matan Adar da Buzaye da Fulanin wajen kitso. Ba takarda, ba ranar gamawa. Ki zauna gidanta, ki yi daka, ki ɗebo ruwa, har ranar da ta ce hannunki ya nuna. Shekara, ko fiye.

Na ce, "Inna, shekara guda ina yi wa tsohuwa daka? A kan kitso? Kitso ai kitso ne."

Yaya kuwa da ya ji, har hularsa ya cire. "Ƙasar Faransa! Gwamnati ta koya miki boko don ki je ki zama baiwar turmi?"

Inna ta ce, "Malam, da nika budurwa babu wata Faransa. Can da nan duk wurin cin kasuwa na." Ni dai na ɗaure kayana tun ranar Asabar. Lahadin nan ita ce ranata ta ƙarshe a rumfa.

Da hantsi rumfa ta cika. Cikin masu jira har da Matar Akawu, wato matar akawun kwastan da ke bakin iyaka. 'Yar Lakwaja ce, Hausa a bakinta kamar ruwa, ga barkwanci. Tana da matajin ƙarfenta a gida, ita ke miƙar da gashinta da kanta, wurinmu lalle take zuwa ƙunsawa da jin labarin gari. Tana zaune hannunta cikin zunguru sai wata baƙuwa ta yi sallama.

Doguwa ce, baƙa, da zanen saƙi. Ta ce sunanta Habsu, daga Adar take, ƙanwarta ce ta haihu a Tozai, gobe suna. Labarin ya zo mata ba shiri, ba ta samu ta gyara kai ba. Mijinta yana kasuwa da jaki, da la'asar za su kama hanya. A tsefe mata a yi mata ko wane iri ne mai sauri.

Ta zare kallabi. Inna ta dubi kan, ta daina tauna goro. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Balki, tsefe."

Na ja tsaki a ciki, na zaunar da matar a tabarma, na durƙusa bayanta. Duk mai tsefe daga jela take farawa, wato ƙarshen kitso inda aka ɗaure ko aka murɗe. Na kai hannu ƙeya, ba jela. Na duba bayan kunne, babu. Na karkata kan hagu, na karkata shi dama, na leƙa ta goshi. Layuka ne sirara, a jere, a kwance luf kamar saƙar faifai, kowane ya taso ya bi ta bayan kunne ya ɓace. Ba zare, ba ƙulli, ba inda za ki ce nan aka tsaya.

Matar Akawu ta ce, "Balki, kuɗi kika yar a kan baiwar Allah? Tun ɗazu kike juya shi kamar mai sayen kabewa."

Rumfa ta fashe da dariya. Na ce wa Habsu, "Ke, ina ƙarshen abin nan?"

"Yana ciki," in ji ta. "Gwaggo ba ta barin jela waje. Maida ta taka yi cikin ɗan'uwanta."

"Wace Gwaggo?"

"Gwaggo Tasalla. Tun kahin a ga watan azumi ta yi min shi. Da Salla ma mai kawai niy shafa, mata na ta tambayata wa yay yi min kitson Salla."

Na ɗaga kai na harari Inna. Tana can tana ɗaura wa wata doka, fuskarta kamar ba ta taɓa jin sunan ba.

Habsu ta kama yatsana ta kai shi wani wuri a bayan kunnenta, ta ce in sa tsinke a hankali. Na sa, sai ga jela ta fito daga ƙarƙashin layin da ke kusa. Na fara warwarewa, kuma a karo na farko tun da na shiga sana'ar nan, ban fizga ba. Ba don kirki ba, don ba ya fizguwa. Mu nan daga goshi muke farawa, muna ɗora gashi ta sama. Wannan daga ƙeya ya taso, kuma ta ƙasa ake ɗauko gashin, shi ya sa yake kwanciya. Ina warwarewa ina ganin inda tsohuwar ta ƙara sili, inda ta sassauta don kada ya ja fatar goshi, inda ta juya hannu. Kamar tana zaune kusa da ni tana yi, sai dai daga ƙarshe zuwa farko.

Da na gama ɓangaren dama sai na tsaya. Wani tunani ya zo mini, irin nawa na masu taurin kai. Na ce, "Inna, a bar hagun. Zan mayar da daman yadda yake, ina duban ɗan'uwansa. In na yi shi yau, kin ga ba abin da tsohuwarki za ta koya mini, gobe in shiga motata hankali kwance."

Inna ta ce, "Kin san dokar wurin ga. Kan da anka buɗe a rumfata ba shi fita a buɗe. Matar ga suna za ta. In la'asar ta yi tana da rabin kai, sunana na za a kai Tozai, ba naki ba."

Gaskiyarta. Mace ba ta shiga taro da rabin kitso, sai a ce ko ta taɓu. Na dubi Habsu. Ta ce, "Ni dai in na ji kiran la'asar tashi zan yi, ko da kai ko ba kai."

Aka wanke ɓangaren, aka shafa mai, na ɗauki tsinke. Layin farko na kai rabi ya zame. Na sake, ya tashi tsaye kamar tsutsa ta ji rana. Na sake, ya kwanta, amma da na zo mayar da jela sai duk ya kwance a hannuna. Aka yi azahar ba ni da layi ko ɗaya. Mijin Habsu ya zo ya tsaya daga nesa, ya yi gyaran murya, ya koma.

Matar Akawu ta ce, "Yau dai boko ya gamu da gamonsa."

Na ce, "Uwargida, ki ji da lallenki."

"Lallena yana kamawa, 'yar'uwa. Naki fa?"

Ban san lokacin da na yi dariya ba, ga haushi ga dariya. Na kusa cewa Inna ta zo ta karɓa. Sai Habsu ta ɗago hannuwanta biyu ta baya, ta dafa nawa. Ba ta iya kitson ba, ta faɗa da bakinta, amma tun tana yarinya ake yi mata shi, fatar kanta ta san tafiyarsa.

"Ba haka ba, kin ja da yawa. Gwaggo ba ta ja. Ɗauko ta ƙasa. A'a, kaɗan. Wanga yatsa shi ka jira, wancan shi ka tahiya. To. To! Haka nika jin nata."

Na bi. Na rage ƙarfi, na rage sauri, har numfashi na rage. Layin ya taso daga ƙeya, ya bi bayan kunne, ya kwanta. Na sa tsinke na tura jelar ƙarƙashi, na saki hannu ina jiran ya warware. Ya zauna.

Wallahi ihu na yi. Na miƙe tsaye da tsinke a hannu ina cewa, "Ya zauna! Inna, ya zauna!" Wata tsohuwa da ke gyangyaɗi ta farka tana salati, ta ɗauka gobara ce. Matar Akawu ta rangaɗa guɗa, ta manta hannunta na cikin zunguru, ta ɗaga shi sama lalle ya zubo mata a kafaɗa. Ranar da aka kira sunana a makaranta aka ce na ci jarrabawa ban ji daɗin da na ji a kan layin nan guda ba.

Inna ta ce, "Guda na. Zauna, rana ba ta jiranki."

Ta ajiye nata aikin ta zo ta karɓi tsinke. Uwar rumfa da kanta ta koma mai tsaga, tana raba mini ina kitsawa. Tana yi tana leƙen hagun, na ji tana cewa ƙasa-ƙasa, "Kai, Tasalla. Kai, 'yar nema." A nan na gane ita ma ba ta iya ba, kuma ba ta ji kunyar a gani ba. Ladan na ɗaga murya muna tura jelar ƙarshe. Inna ta gyara bakin tsohon ɓangaren, ta shafe kan duka da mai, ta ɗan sa shuni.

Aka kawo madubi. Ba zan yi muku ƙarya ba: dama da hagu ba ɗaya ba ne. Na Tasalla kamar an zana da alƙalami. Nawa kamar an zana da alƙalamin, amma a kan jaki. Ya kama, ya yi tsabta, ba mai cewa rabin kai ne, sai dai duk mai ido ya san hannu biyu ne.

Habsu ta juya kai ta sake juyawa. Ta ɗaura kallabinta, ta karkata shi ya rufe ɓangarena sarai. Aka sake fashewa da dariya, har da ni.

Ta ce, "Kada ki ji haushi, ƙanwata. Tozai za su ga na Gwaggo. Gwaggo kuwa naki za ta gani, don ba ni tsefe shi sai na kai mata. Masu zuwa koyo wurinta da yawa ba su yin layi guda kahin wata. Amma za ta ce kina da gaggawa."

"Kowa ma ya faɗa," in ji Inna.

Bayan sun tafi na zauna ina wanke hannu. Matar Akawu ta matso ta ce, "In kin iya wannan, ni ce farkon mai shimfiɗa miki kai." Na ce ai ita ta ƙarfe ce. Ta ture ɗankwalinta ta nuna mini gefen goshinta, inda gashin ya ɗan janye.

"Ƙarfe yana da kyau, ba zan ɓata shi ba, kuma takarda tana buɗe ƙofa. Amma mu masu son sa mu nawa ne a nan? Mu ɗin ma baƙi ne, gobe a ce an mayar da maigida Gusau, mu naɗe tabarma. A Sakkwato kuwa 'yan matan da matar nan ta yaye suna nan suna jiran kawunan da ba su ishe su ba. In ƙarfe kike so, kawo gawayi gidana. Ki ƙona mini kunne sau ɗaya in zage ki, kin iya ke nan."

Na dubi hanyar da ta bi ta gaban rumfarmu. Kowace Lahadi matan Adar da na Fulani da na Buzaye suna wucewa ta nan, da kallabi a ɗaure, ba sa tsayawa. Da ina cewa rowa ce. Ashe ba abin da za mu yi musu ne.

Na ce wa Inna, "Tun daga ƙofa kika gane hannunta, ko? Shi ya sa kika ba ni tsefen."

Ta ɓare goro ta miƙo mini rabi, abin da ba ta taɓa yi ba. "Ni tsefe kawai nic ce. Ke kiy yi karatunki."

Da magariba na sami Yaya Mamman a zaure na gaya masa ba ni shiga mota. Ya yi faɗa, kuma yana da gaskiyar yin faɗa, don ƙafarsa ta sha tafiya a kaina. Na bar shi ya gama. Ya ce, "To, can ɗin wa zai ba ki takarda? In an ce ina shaidarki, mi za ki nuna?"

Na ce, "Yaya, shaidata ta farko tana kan jaki, ta nufi Tozai."

Ya dube ni ya dube ni, ya ce tun ina cikin zani ba a taɓa juya ni ba, Allah ya shirya. Da safe shi da kansa ya je ya sallami direba. Da ya dawo ya ce in an tashi tafiya shi zai raka ni har bakin iyaka, don ya ga wanda zai tare ƙanwar malamin haraji.

Abin da ranar ta koya mini ba shi da yawa, amma ya ishe ni. Mai son ƙarin sana'a kada ta tsaya kan abin da ya fi ƙyalli a bakin mutane, ta dubi kawunan da ke wuce ƙofarta ba su tsayawa, ta tambayi kanta don me. Kuma a aikinmu malama ba ta cika yin bayani ba. Kai za ta tura miki ta ce tsefe. Ku ƙananan da na bari a rumfa, in an karanta muku wannan, ku rage fizga. Ni ma da na faɗa ban gama ragewa ba.

Wadda aka ba gurbina a Sakkwato, Allah ya sa ta ji daɗinsa, da zuciya ɗaya na faɗa. Ni kuwa ga shirina. Kwanakin nan kullum da hantsi ina gidan Matar Akawu da gawayina, kuma kunnen nata na riga na ƙona, ta riga ta zage ni. Habsu za ta biyo ta nan Lahadi mai zuwa a hanyarta ta komawa, tare za mu tafi wurin Gwaggo Tasalla. Kayan da na ɗaure don mota ban kwance su ba, taɓarya kawai na ƙara a kai, don an ce ta gidan Gwaggo Tasalla nauyi gare ta. In daka ne, zan yi. In shekara ce, zan zauna. Ba ni dawowa Illela sai ranar da Habsu ta ɗaura kallabi ta rasa wane ɓangare za ta rufe.